Tsoron Allah Ba Ya Hana Bincike

Duk taron da za a yi a kan gyaran ƙasar Birnin Gwari, ko a fada ne ko a harabar masallaci ko a ɗakin taro a Kaduna, da zarar an zo kan wanda za a damƙa wa aiki, sai wani ya gyara zama ya ce, "A dai nemo masu tsoron Allah." Nan take kowa ya ce haka ne. A shafa fatiha, a watse. Ba a tambayi wa zai duba lissafi ba, ba a ce ga ranar da za a dawo a ji inda aka kwana ba. Ni kuwa a ganina wannan magana mai daɗin ji tana cikin abubuwan da suka kashe mana ma'aikatu, kuma a Birnin Gwari ta yi abin da ya fi haka muni.

Tsoron Allah a zuci yake. Shugaban ma'aikata ba shi da hanyar leƙa shi, kwamitin ɗaukar aiki ma haka. To da yake ba a iya ganinsa, sai muka koma ga abin da ido ke gani: gemu, tsayin wando, carbi, tabon sujada, sahun farko. Daga nan kuma taku ɗaya ne zuwa "ɗan masallacinmu ne." Ɗan Izala ya ga tsoron Allah a fuskar ɗan Izala, ɗan ɗariƙa ya gan shi a fuskar ɗan zawiyyarsu, ma'aikaciyar jinya Kirista da ta zo daga kudancin jihar Kaduna ta kwana tana karɓar haihuwa kuwa ba ta ma shiga lissafin. Wanda ya sami kujera ta wannan ƙofa ya san ba iya aiki ya kai shi ba, saboda haka ba iya aiki zai tsare masa ita ba. Abin da zai riƙa kiyayewa shi ne kamannin da suka kawo shi. In ka nemi ganin takardun kuɗin da ya kashe, sai a ce maka, "Haba, Malam ne fa!" Ka zama mai munana zato ga bayin Allah.

Mutanen Tsohon Birnin Gwari sun fi kowa sanin cewa ba haka ake ciniki ba. Tun zamanin Turawa ake haƙar zinare a wannan yanki. Yaron da ya wuni cikin rami, ya daka dutse, ya wanke, ya fito da ɗan abin da ya samu, ba ya miƙa wa mai saye ya ce, "Alhaji, na san kana tsoron Allah, ka ba ni abin da ka ga dama." Sikeli ake ɗorawa a gaban idonsa. Tare suka yi sallar Azahar, kuma babu wanda ke jin an ci mutuncinsa. Sai a kan takin zamani na manoma dubbai, da maganin asibiti, da kayan tallafin 'yan gudun hijira, a nan ne awo ya zama rashin kunya.

Amma ɓarnar da ta fi ci mini rai ba ta kuɗi ba ce. A 2012 ƙungiyar Ansaru ta ɓalle daga Boko Haram, daga baya ta sami mafaka a dazukan wannan yanki, inda Kamuku da Kuyambana suka haɗe da dazukan Zamfara da Neja da Katsina. Ta tarar da jama'ar da 'yan bindiga suka gama gallaba. Ba a manta da Gwaska ba, inda a watan Mayun 2018 aka kashe mutum fiye da 40 a rana guda. Manomi sai ya biya kafin ya shiga gonarsa, direba sai ya yi ta addu'a daga Buruku har Udawa. Cikin wannan hali 'yan Ansaru suka shigo garuruwan gabas, su Damari da Kuyello, da wa'azi a baki, da kyauta a hannu, da alkawarin kare mutane daga ɓarayin daji. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ta kuka a kafafen yaɗa labarai cewa suna ɗibar matasa, suna auren 'yan matan gari, har sun hana harkokin siyasa. A shekarar ne gwamnan lokacin, Nasiru El-Rufa'i, ya rubuta wa Shugaba Buhari cewa ana kafa wata hukuma a gefen ta gwamnati a Birnin Gwari.

Ban ɗora laifi a kan talakan ƙauye ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma a duba da wace riga mutanen nan suka shigo. Sun san abin da muke auna mutum da shi, sai suka zo da shi cif. Shekara da shekaru muna koya wa yaro cewa mai irin wannan shiga da irin wannan lafazi ba a tuhumarsa, sannan muka yi mamaki da ya bi su daji.

Za a ce mini, to kana so a raba addini da aiki ke nan, irin na Turawa? A'a. Addinin ne ma ya fi ni tsanani a kan wannan batu. Abu Zarri, sahabin da zuhudunsa ba ya buƙatar shaida, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami, aka hana shi, aka nuna masa nauyin ya fi ƙarfinsa. Ba imaninsa aka soka ba. Ibnul Lutbiyya da aka tura karɓar zakka, da ya dawo sai da aka zauna aka yi lissafi da shi, kuma da ya ware wasu kaya da sunan kyauta ce aka yi masa, sai da maganar ta hau mumbari. Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna kafin ya tura shi, yana kuma da Muhammadu ɗan Maslama da yake aikawa ya binciko masa su. Sahabbai fa ake bincika! Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka faɗa wa.

A nan gida ma haka. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, tun jihadi bai yi nisa ba, ya ga yadda son dukiya da mulki ya fara cin wasu daga cikin jama'ar da suka yi hijira tare, har ya bar rundunar ya nufi gabas. A Kano aka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam don a san ƙa'idar riƙon jama'a. Da ganin mutum cikin sahun Shehu Usmanu ya wadatar, da bai wahalar da alƙalaminsa ba. Shi kansa Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin munanan al'adun da ya yaƙa. Yau gaisuwar nan tana nan, mun dai sauya mata suna zuwa alheri, mai karɓa kuma ya ce arzikinsa ne Allah ya kawo.

Ina sane da cewa imani na ɗaga aiki. Akwai malamin makarantar da ya ci gaba da zuwa aji a lokacin da zuwan ke iya zama ajalinsa, saboda yana ganin albashin da bai yi wa aiki ba haram ne. Akwai ɗan sa-kan da ya tsaya a bakin gari ba don an biya shi ba. Irin waɗannan bincike ba ya cutar da su, shi ne ma kaɗai zai fito da su fili. A tsarin da muke ciki, su da wanda ke sa hannu a rajista ya ɓace tun hantsin Juma'a sai Litinin, daidai suke a idon ofis. Wani lokaci ma na biyun ya fi shiga, don ya fi iya jan doguwar addu'ar buɗe taro. (A wasu tarukan, addu'ar buɗewa da ta rufewa sun fi abin da ke tsakaninsu tsawo.) Kuma ko ɗan sa-kan nan mai kyakkyawar niyya, in babu mai tambayarsa wa ya kama, a kan wace hujja, ina aka kai shi, to niyyar ba za ta hana shi kashe Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba. An ga irin abin da wannan ya haifar a Zamfara.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Motoci sun dawo hanya. Yanzu ne za a kafa kwamitoci, a tura ma'aikata, a raba kaya, a gyara makarantu da ɗakunan shan magani, kuma yanzu ne za a sake jin maganar nan ta a nemo masu tsoron Allah. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, da malaman masarautar, su ne za su iya sauya ta ba tare da an ce sun raina addini ba. Limami ya faɗa a huɗuba cewa neman ganin lissafi ba munana zato ba ne. Buhun taki nawa ya zo gunduma, a karanta a bainar jama'a, a liƙa sunayen waɗanda suka karɓa. A kara kuwa, inda saniyar sata ke iya shigowa cikin na halal, kada a tsaya ga rantsuwar dillali: a rubuta wa ya kawo ta, daga wace ruga, wa ya tsaya masa, kuma littafin ya kasance a inda mai cigiya zai iya zuwa ya buɗe.