Jiwa: Tsakanin Rabon Keken Ɗinki Da Koyar Da Ɗinki

Wanda ya baro Life Camp bayan tashi daga aiki, ya ratsa Karmo da Gwagwa ya nufi Dei-Dei, zai bi ta gefen Jiwa. Tsohon gari ne mai sarautarsa, wanda ya riga Babban Birnin Tarayya kafuwa, domin sai a watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da dokar da ta ƙirƙiri Abuja, aka kuma tare a cikinta a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. A yau Jiwa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, wato AMAC, wadda Maitama da Asokoro da Fadar Shugaban Ƙasa suke cikinta. Wannan a takarda ke nan. A zahiri kuwa, a Jiwa da maƙwabtanta ne direbobi da masinjoji da masu shara da sauran ƙananan ma'aikata suke kwana, saboda albashinsu bai kai kuɗin haya a tsakiyar birni ba, kuma a nan 'ya'yansu suke tashi tare da 'ya'yan 'yan asalin wurin da na 'yan ci-rani.

A shekarar 2025 waɗannan yara sun yi asarar da babu mai biyan su. Malaman makarantun firamare na gwamnati a ƙananan hukumomi shida na Abuja sun shiga yajin aiki ranar 24 ga Maris, saboda rashin biyan su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yulin 2024, ba su kuma koma aji ba sai a watan Yuli, bayan da Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya shiga tsakani. Fiye da wata uku ke nan azuzuwa suna garƙame. Ɗan babban darakta da ke makarantar kuɗi bai ma san an yi ba. Yaron Jiwa kuwa ya san an yi, don a watannin nan ne aka ɗora masa farantin talla, ko ya bi yayyensa tura baro a kasuwa. Duk malamin firamare ya san cewa ba kowane yaron da ya ɗanɗana kuɗin hannunsa ne yake dawowa kan benci ba.

A irin wannan giɓi ne ƙungiyoyi masu zaman kansu suke shigowa, kuma a nan ne ya kamata a rarrabe tsakanin aya da tsakuwa, domin abubuwa biyu ne mabambanta suke amsa suna ɗaya.

Na farko kowa ya san shi. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a ɗauko makaɗa, a gayyato hakimi da 'yan jarida. A jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe a gaban babban baƙo, a kira sunaye, a ɗauki hoto. Kafin la'asar an watse. Ba a tambayi matar da ta karɓi keken ko ta taɓa zura zare a allura ba, ba a kuma dawo bayan wata shida an ga ko keken yana ɗakinta ko ya koma kasuwa a rabin kuɗinsa ba. Ƙungiyoyi suna yin wannan, amma ba su suka ƙirƙiro shi ba. Salon ayyukan mazaɓu ne na 'yan majalisa suka ara. A watan Nuwamban 2019, a wani taro da hukumar ICPC ta shirya, Shugaba Muhammadu Buhari ya koka cewa an kashe kimanin naira tiriliyan ɗaya a kan ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Hukumar, wadda ta fara bin diddigin waɗannan ayyuka a shekarar, ta nuna cewa shirye-shiryen tallafi da na horaswa suna cikin mafiya wuyar bibiya. Dalilin a fili yake: rijiyar burtsatse tana nan ko ba ta nan, amma horon kwana uku da aka ce an yi wa matasa ba ya barin sawu.

Na biyu ba shi da makaɗa. Misalinsa mafi kusa da Jiwa yana Kuje, inda Kingsley Bangwell da matarsa Irene suka buɗe makarantar sakandare ta KNOSK a 2019 domin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Kuɗin makarantar naira ɗari ne a rana, sauran kuma gudummawar jama'a ce take cikewa. A cikin wannan tsari yaro yana samun littattafai da kayan makaranta da abincin rana, 'yan mata kuma ana ba su audugar mata, sannan karatun ya karkata ga kimiyya da fasaha ta hanyar yi da hannu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan amsa ce ga wani dalili da ke fitar da yaro daga makaranta. Abincin rana yana maye gurbin abin da talla take kawowa. Audugar tana tsare kwanakin da yarinya take rasawa kowane wata saboda kunya. Ita kuwa naira ɗarin, wadda a yau da ƙyar take sayen ledar ruwa biyu, amfaninta ya wuce ƙimarta: uban da ya biya yana da bakin tambayar abin da aka koya wa ɗansa, abin da mai karɓar sadaka ba ya iya yi. Mafi muhimmanci, yaron da ya shiga shekara shida zai yi, kuma ana iya zuwa ranar Talata da hantsi a ƙirga shi.

Koyarwa ta hanyar aikin hannu ba baƙuwar Najeriya ba ce. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 a kanta aka gina shi, da nufin yaro ya fita ƙaramar sakandare yana iya riƙe zarto da guduma. An sayo injina daga ƙasashen waje, da yawansu kuma suka yi tsatsa a cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san yadda ake kunna su. Kayan aiki bai taɓa zama matsalar ba. Abin da ake rasawa kullum shi ne mutumin da zai tsaya a kan yaro yau da gobe da jibi, ya gyara masa riƙon almakashi har hannunsa ya faɗa.

Abin mamaki, Jiwa tana da irin waɗannan mutane a bakin ƙofarta. Dei-Dei tana ɗauke da babbar kasuwar kayan gini da ta katako da kuma kara ta dabbobi, ga unguwar masana'antu ta Idu ba nisa. Kafintoci da masu walda da masu sa tayil da masu haɗa wutar sola da masu gyaran waya suna ɗaukar yara kowace rana, bisa tsohuwar al'adar ubangida da yaronsa, ba tare da sisin gwamnati ko na wata gidauniya ba. Wannan ita ce makarantar sana'a mafi girma a yankin, sai dai tana da ramuka. Yaron da ya bar aji uku na firamare zai iya ƙwarewa a walda, amma ba zai iya karanta zanen gini ko lissafa kuɗin kwangila ba, don haka zai tsufa yana yi wa wani aiki. Ba shi da takardar shaida, saboda haka kamfanin gine-ginen da ke aiki a Gwarinpa ba zai ɗauke shi sai a matsayin lebura ba. Yana walda babu gilashin kare ido. 'Yan mata kuwa kusan babu su a wannan fage, in ban da ɗinki da kitso.

Ƙungiyar da take son yi wa Jiwa aiki na gaskiya, a waɗannan ramuka aikinta yake. Ba ta buƙatar gina sabuwar cibiya mai allon marmara. Tana buƙatar ajin yamma inda yaron kafinta zai koyi karatu da lissafi da katakon da yake aunawa da safe. Yarjejeniya da iyayen gidan sana'a kan sa'o'in aiki da kayan kariya. Da kuma mutum guda da zai raka yaron har ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko ta hukumar NABTEB, ya fito da takarda a hannu. Aiki ne marar ƙyalli, wanda ba ya yin kyau a hoto, kuma shekaru yake ci.

Sai batun wanda zai koyar, musamman idan ana maganar 'yan mata. Jiwa gari ne mai Musulmi da Kirista, mai masu unguwanni da limamai da fastoci, kuma uwa ba ta sakin 'yarta ga baƙon da ya sauko daga mota mai baƙin gilashi. Tarihin ƙasar Hausa ya riga ya warware wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru ne a kan jajoji, dattawan mata da aka zaɓo daga garuruwansu, aka karantar da su, suka koma suna karantar da 'yan uwansu. Tsarin ya rayu bayanta da shekaru masu yawa saboda malaman 'yan gida ne. Ƙungiyar da ma'aikatanta duka suke tasowa daga Wuse kowace safiya, wadda ba ta san lokacin Islamiyya ko ranar kasuwa ba, ranar da kuɗin mai ba da tallafi ya ƙare ita ma ta ƙare.

Akwai masu cewa yabon irin waɗannan ƙungiyoyi rufa wa gwamnati asiri ne, kuma maganarsu tana da nauyi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, ta kuma ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin hakan. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. A ƙasar da UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta, UNESCO kuma ta kai ƙiyasin kusan miliyan 20 a 2022, makaranta guda a Kuje ɗigon ruwa ce a rairayi. Ƙungiyoyin ma ba waliyyai ba ne. Akwai waɗanda rajistarsu da asusunsu na banki ne kaɗai abin da suka mallaka. Duk wannan gaskiya ne. Amma yaron da yake da shekara goma sha biyu a bana ba zai tsaya a haka yana jiran a gyara tsarin biyan albashi tsakanin ministan Abuja da shugabannin ƙananan hukumomi ba. Kuma ƙungiya ta gari ba kishiyar makarantar gwamnati ba ce. Tana nuna abin da zai yiwu da ɗan kuɗi kaɗan, wanda hakan kansa tuhuma ce ga masu riƙe da kuɗi mai yawa.

Zaɓi tsakanin waɗannan salo biyu, sau da yawa, ba minista ko sanata ne yake yin sa ba. Hadimi ne yake tsara jerin ayyukan mazaɓar maigidansa kafin a miƙa kasafin kuɗi, shi ne yake rubuta kekunan ɗinki ɗari biyu saboda sun fi sauƙin sayowa da rabawa. Jami'in tsare-tsare ne yake karɓar rahoton horaswa mai ɗauke da hotuna da jerin sunaye ya sa hannu. Da hadimin zai raba kuɗin biyu, rabi ga kayan aiki, rabi ga albashin mai koyarwa na shekara biyu, da jami'in kuma zai ƙi rufe fayil sai an kawo masa adadin waɗanda suka ci jarrabawar sana'a da inda suke aiki bayan shekara, da ƙungiyoyin bogi sun janye da kansu. Hukumar NYSC tana tura injiniyoyi da malaman lissafi Abuja kowace shekara, da yawansu suna zaman dumama kujera a ma'aikatu, alhali ranar hidimar al'umma da aka ware musu kowane mako ta isa ta riƙe ajin yamma a Jiwa ko Gwagwa.

Mafi sauƙi duka shi ne wurin zama. A Abuja fili yana hannun Gwamnatin Tarayya, haya kuma takan cinye ƙaramar ƙungiya kafin ta sayi allo. Amma azuzuwan makarantun gwamnati suna nan a kulle tun daga tashin yara da rana har wayewar gari, da kuma Asabar da Lahadi da dukan hutu. Shugaban makaranta ba zai miƙa mabuɗi bisa raɗin kansa ba, kuma yana da gaskiya, domin idan taga ta fashe shi za a tuhuma. Abin da yake jira takarda ce daga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ko Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Abuja, mai fayyace wace ƙungiya aka tantance, wane aji za ta yi amfani da shi, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da wanda zai biya idan wani abu ya lalace. Takardar ba ta buƙatar sabuwar doka ko ƙarin kasafi, kuma ba za ta wuce shafi guda ba.