Ƙafar Katako da Tsawon Ran Takalmin Fata

A yawancin garuruwan ƙasar nan, idan aka ce mutum yana kula da takalminsa, abin da ake nufi shi ne yana miƙa wa shushaina kowace safiya a goge masa. To amma ƙyalli ado ne kawai. Takalmin fata rufaffe irin na zuwa ofis, wato sau-ciki, yawanci ba a kan titi yake lalacewa ba. A ɗaki yake lalacewa, cikin sa'o'in da ke biyo bayan cire shi, lokacin da mai shi ya wurga shi ƙarƙashin gado ya manta da shi. Akwai wani ɗan itace da ake sassaƙawa da siffar ƙafa, a cusa shi cikin takalmi da zarar an cire, wanda za a iya kira ƙafar katako. Mutane da yawa na ɗaukarsa a matsayin iyayin 'yan boko, alhali kuwa ya fi man gogewa amfani nesa ba kusa ba.

Kafin a gane dalili sai an san mece ce fata. Fatar dabba saƙa ce ta wasu siraran zaruruwa na sinadarin furotin da masana ke kira kolajin, waɗanda suka sarƙe da juna ta kowace fuska. Aikin jima shi ne a ɗaure waɗannan zaruruwa don kada su ruɓe. Majeman Kano da Sakkwato da bagaruwa suke wannan aiki tun kaka da kakanni, manyan masana'antu kuwa da gishirin kuromiyam, hanyar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Ko da wace hanya aka bi, jemammiyar fata ba ta daina shan ruwa da fitar da shi ba. Wannan hali shi ne ya sa takalmin fata ya fi na roba daɗin sawa, kuma shi ne lagonsa.

A ƙafafun mutum biyu akwai ƙofofin gumi wajen 250,000, gumin kuma kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ne, sauran gishiri da wasu tarkace. Duk yini shafin cikin takalmi yana tsotsar wannan ruwa. Ga wanda ke alwala ya mayar da ƙafa da danshinta, abin ya ƙaru. Ruwan yana shiga tsakanin zaruruwan ya sassauta riƙon da suka yi wa juna, sai fata ta yi laushi ta bi duk inda aka tanƙwara ta. Mutumin da ya yi taku 6,000 a rana ya lanƙwasa kowane wari sau 3,000 ke nan, kuma a wuri ɗaya, daidai gindin yatsu. Da an cire takalmi ruwa ya fara ficewa, sai zaruruwan su sake kama juna a yanayin da suka sami kansu. Idan a tanƙware suke, a tanƙware za su daskare. Gobe a ƙara a kan na jiya. Ta haka ne ƙaramin layi ke zama kwari, gishirin gumi ya taru a cikinsa, bakin takalmi ya ɗaga sama kamar goshin kwalekwale, daga bisani fata ta tsage a daidai wannan kwarin. Baduku zai iya sake tafin takalmi sau biyu ko uku, amma tsagar da ta ratsa fatar sama sai dai faci.

Aikin ƙafar katako guda ɗaya ne: ta riƙe fata a miƙe har ta gama bushewa. Ba wata sabuwar dabara ba ce, domin a kan irin wannan itace mai siffar ƙafa ake ɗinka takalmin tun farko, a ja fatar da danshinta a bar ta ta kama siffa. Mai saka ƙafar katako kowane dare yana maimaita wancan aikin ne a taƙaice. Saboda haka lokacin saka ta ya fi tsadarta muhimmanci. Wadda aka saka da maraice, fata na da ɗumi da laushi, ta yi aiki. Wadda aka saka bayan kwana uku ta tarar an riga an gama.

Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne tallar masu sayarwa. Sukan ce sai wadda aka yi da itacen sida na Amurka, wai shi ne ke zuƙe gumi kakaf. Gaskiya ne itacen da ba a shafa wa fenti ko fanis ba yana tsotsar danshi, kuma sida na da ƙamshin da ke danne wari. Amma katako a hankali yake shan ruwa, kuma shi kansa yana daidaita danshinsa da na iskar da ke kewaye da shi. Idan danshin iska ya kai kashi 80 cikin ɗari, kamar yadda akan samu a tsakiyar damina, katako da kansa yana ɗauke da ruwa wajen kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa. Idan ya sauka zuwa kashi 20, irin na hunturu, abin da ke cikinsa bai kai kashi 5 ba. Ke nan a watan Agusta, lokacin da aka fi bukatar taimakonsa, shi ma a ƙoshe yake. Iska ce ke busar da takalmi, da kuma lokaci. Wanda ke da takalmi biyu yana hutar da kowanne kwana ɗaya ya fi wanda ke da guda ɗaya tal da sida mafi tsada a ciki, wanda kuma ya haɗa hutun da katakon ya fi su duka. Rufe takalmi a akwati da damina, da katako ko babu, gayyatar fumfuna ne.

Ƙafar katako na iya yin ɓarna ma. Wadda ta fi takalmi girma buɗa shi take yi. Irin mai arhar nan da ke da siririn ƙarfe mai tsalle da ɗan dunƙule a baya tana tokarar dunduniya a wuri ɗaya har ta yi ƙusumbi. Takalmin da ruwan sama ya jiƙa sharkaf kuwa, fara cusa masa tsohuwar jarida ake yi ana sakewa, sai ya tsane a saka katako, kuma a inuwa. Zafi na sa jiƙaƙƙen kolajin ya tsuke tsukewar da ba ta komawa, fatar bagaruwa kuma ta fi ta kuromiyam saurin jin zafin, don haka shanya takalmi a kan kwano da tsakar rana ko kusa da murhu kashe shi ne. Babu kuma katakon da zai gyara dunduniyar da aka saba takewa a ƙofar masallaci ko zaure don gudun sunkuyawa, domin abin da ke ba ta ƙarfi a ciki ya riga ya karye.

Wani zai ce ƙasar Hausa ta fi ƙarni nawa tana sana'ar fata ba tare da wannan itace ba. Haka ne. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar takalman birnin na cikin hajar da ake fita da ita ƙasashe masu nisa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ita ce ta ratsa Sahara ta isa Turai aka laƙaba mata sunan Maroko. Sai dai mafi yawan waɗancan takalma fade ne, a buɗe suke, iska na ratsa su, ba su da fatar sama mai rufe yatsu da za ta tanƙware. Rufaffen takalmi mai igiya ya yaɗu ne tare da ofis da bariki da makarantar boko, kuma an karɓe shi ba tare da kayan kula da shi ba.

Abin mamaki shi ne har yanzu daga waje ake shigo da mafi yawan ƙafafun katakon da ake gani a kantuna, a ƙasar da masassaƙa ke fafe turmi da akushi da sirdi. Itacen malaina mara nauyi ya wadatar, muddin ya bushe sosai, an goge shi sumul, ba a shafa masa komai ba, an kuma raba shi gaba da baya don ya shiga ya fita ba tare da dole ba. Abin da masassaƙi ke nema shi ne awo daidai da lambobin takalma, wannan kuwa aiki ne da cibiyar binciken fata da ke Samaru, Zariya, ko kowane sashen koyar da fasaha a jami'a zai iya zanawa a takarda ɗaya ya raba wa masu sana'ar.