Sun miƙa mukulli, ina bayanan ginin? Zare a kan BIM 🧵

1/
Duk sabon asibiti ko sakatariya da aka ƙaddamar, za a yi taro, a ɗau hotuna, ɗan kwangila ya miƙa mukulli. Ba na jin ana tambayar wa aka miƙa wa bayanin inda bututun ruwa ya bi da inda wayoyin wuta suka ratsa. Ku biyo ni, maganar tana da ɗan tsawo.

2/
Kun dai san yadda ake yi. Bango ya fara jiƙewa a hawa na biyu, a kira mai gyaran famfo. Bai san inda bututun yake ba, sai ya ɗau guduma ya fasa tayil nan, ya fasa can. Aikin awa biyu ya koma na mako guda. Ba laifinsa ba ne fa. Zanen ginin yana wajen ɗan kwangila, ko a wani kabad gara ta gama da shi. In ma an samo shi, zanen da aka yi kafin a fara aiki ne, abin da aka gina kuma daban.

3/
Nan BIM yake shigowa. Kwafin ginin ne a cikin kwamfuta, amma kowane abu a ciki yana ɗauke da bayaninsa. Ka danna kan injin tura ruwa, ka ga kamfanin da ya ƙera shi, lambarsa, ranar da aka saka shi, ranar da garantinsa zai ƙare, da lokacin da ya kamata a yi masa sabis. Ka danna bututu, ka ga daga ina ya taso, waɗanne ɗakuna yake ba ruwa, a ina ake rufe shi.

4/
Mu nan an fi saninsa da bidiyon nan mai kyalli da ake nuna wa gwamna kafin a sa hannu a kwangila. Bidiyon ai talla ne. Gini ana yin sa a shekara biyu ko uku, a zauna cikinsa shekara hamsin. Amfanin BIM na gaske yana cikin hamsin ɗin nan.

5/
Kar ku ɗauka matsalarmu ce mu kaɗai. A 2004 hukumar NIST ta Amurka ta ƙiyasta cewa rashin gudanar bayanai tsakanin masu zane, masu gini da masu kula da gini yana cin dala biliyan 15.8 a shekara. Kusan kashi biyu cikin uku na asarar a kan masu ginin da masu gudanar da shi take faɗawa. Wato wanda ya gina ya tafi, wanda aka bari da ginin shi ke biya.

6/
A 2007 ɓangaren injiniyoyin sojan Amurka ya fito da wani tsari mai suna COBie. Ku saurara da kyau, don wannan ya shafe mu: ana iya miƙa shi a Excel. Jerin ɗakuna, jerin na'urori, wace na'ura tana wane ɗaki, garanti, jadawalin sabis. Ana cike shi ne tun ana gini, ba a jira sai ranar miƙa aiki a zubo wa mutum kwali goma na takardu ba.

7/
Birtaniya kuwa a 2011 ta sanar cewa daga 2016 ayyukan gini na gwamnatin tsakiya sai da BIM. Sai ga gobarar Grenfell a Landan, 14 ga Yuni 2017, mutum 72 suka rasu. Rahoton Judith Hackitt na 2018 ya nuna yadda ake sauya abubuwa ana cikin gini ba a rubuta ba, kuma bayanan ba sa isa hannun masu kula da ginin. Dokar da suka yi a 2022 ta wajabta ajiye irin wannan bayani a kwamfuta ga dogayen gidajen zama, masu mita 18 ko hawa 7 zuwa sama. Maganar ta wuce ta tayil, rai ne a ciki.

8/
Na san me za a ce a ƙasan zaren nan. "Malam, asibitin da ba dizal a janareta ne zai sayi lasisin Revit da dala?" Gaskiya ne, da tsada. Amma mai zane ne ke buƙatar Revit. Mai kula da gini dubawa zai yi, kuma akwai nau'in fayil da ake kira IFC wanda ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, manhajojin buɗe shi kyauta suna nan. Ƙaramin asibitin karkara ma ba sai an kai nan ba, zanen abin da aka gina na gaskiya da jerin na'urori sun ishe shi.

9/
Abin da ya fi ba ni tsoro daban ne: kwafin ya tsufa. An canza injin ruwa ba a shigar ba. An toshe ƙofa, an mayar da sito ofis, an ja sabuwar waya don sola, ba wanda ya taɓa fayil ɗin. Bayan shekara biyar kwamfuta tana faɗin abu ɗaya, bango yana faɗin wani. Mai gyaran wuta da ya yarda da fayil, ya kashe layin da ba shi ba, ya kama waya mai rai, gara a ce tun farko ba a ba shi komai ba ya bi a hankali.

10/
Don haka sai an ɗora wa wani mutum takamaimai wannan aiki, da albashinsa, kuma kada a biya kuɗin gyara sai an shigar da abin da aka canza. A Afrilun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan umarnin zartarwa mai lamba 11, wanda ya ce ma'aikatun tarayya su kafa sashen kula da gine-ginensu. To, sashe ya samu a takarda. Da wane bayani zai yi aiki?

11/
A ganina daga kwangila za a fara. Galibi ana riƙe wa ɗan kwangila kashi 5 cikin ɗari na kuɗinsa har a tabbatar aikin ba matsala. A rubuta ƙarara cewa ba za a saki kuɗin nan ba sai ya kawo kwafin ginin kamar yadda aka gina shi, an zagaya ɗaki-ɗaki an gwada da abin da ke ƙasa. Wallahi da gudu zai kawo.

12/
Masu karanta zanen gini, injiniya da ƙididdigar kayan gini a ABU, BUK da sauransu, kowa ya raja'a kan zana sabon gini. Tsofaffin da ba su da ko takarda ɗaya sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma wani ne zai auna su ya shigar.

13/
In kana aiki a sashen gyare-gyare na wata makaranta ko asibiti, faɗa mana a ƙasa ba sai ka ambaci wurin ba: in babban bututu ya fashe da ƙarfe biyun dare, mutum nawa ne a wurinku suka san inda ake rufe ruwan?