NAZARI: Ba kowane yaushin yalo feshi ke magani ba, batun lambunan Ƙofar Marusa

A lambunan da suka bi gefen magudanar ruwan birnin Katsina, daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Durɓi, yalo da gauta na cikin amfanin da mai lambu ke dogara da su, domin ana tsinkarsu mako bayan mako. Sai dai idan shuka ta fara yaushi, wanda aka fi kai wa ƙara shi ne mai shagon maganin feshi. A nan gizo ke saƙa: mutumin da abincinsa ke cikin sayar da kwalba shi ne kuma likitan da ke faɗin cutar, sau da yawa ba tare da ya taka lambun ba.

Yaushi alama ce kawai, kuma aƙalla abubuwa huɗu ke kawo shi. Idan kan reshe ne kaɗai ya langaɓe, sauran jikin lafiya lau, a tsaga wurin; galibi za a tarar da tsutsa ta huda shi, ita ce kuma ke shiga cikin 'ya'yan. Idan shukar ce gaba ɗaya ta kwanta farat ɗaya alhali ganyenta na nan kore, ana zargin ƙwayar bakteriya da ke zaune a ƙasa, wadda masana ke kira Ralstonia. Gwajinta ba ya cin ko sisi: a yanke karan kusa da gindi, a rataya shi cikin kofin gilashi mai ruwa garai, cikin 'yan mintuna za a ga farin abu na zarara kamar zaren madara. Wannan babu feshin da ke warkar da ita. A tuge shukar, a fitar da ita daga lambun, kada kuma a maye gurbin da tumatir ko barkono, domin danginsu ɗaya. Na uku yana ƙarƙashin ƙasa: saiwa mai kullutu-kullutu aikin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, masu son ƙasa mai yashi irin ta Katsina. Na huɗu kuwa rana ce. Shukar da ta yi laushi da azahar, ta miƙe da asuba, kuma saiwarta lafiya, ƙishi ke damunta.

Yanayin ma yana da nasa ta'adin da ake ɗora wa ƙwari. A watan Afrilu zafin Katsina kan haura digiri 40, kuma a irin wannan zafi fure kan zube bai ɗaura ɗa ba. Ɗan da rana ta buga kai-tsaye yakan yi farin tabo a gefe guda, wanda kuwa aka yi wa ban-ruwa yau da yawa gobe babu, yakan ruɓe ta ƙasa.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne jan gizo-gizo, ɗan mitsitsin abu da ke maƙale a bayan ganye lokacin zafi da ƙura. Ganyen kan yi ɗige-ɗige, ya koma ruwan ƙasa, a ga siririyar yana. Shi ba ƙwaro ba ne a lissafin masana, saboda haka yawancin magungunan ƙwari ba sa kashe shi yadda ya kamata. Abin da suke kashewa shi ne ƙwarin da ke cinye shi. Mai lambu ya fesa, ɓarna ta ƙaru, ya koma shago ya sayo mai ƙarfi. Mai shagon dai bai yi asara ba.

Ƙofar Marusa tana da ƙarin rikici nata. Ruwan da ake ban-ruwa da shi a rani, kaso mai yawa ruwan da ya fito ne daga gidaje da kwatocin birni, abin da ya sa masu bincike a jami'o'i suka sha auna ƙasar wurin da ganyayyakinsa. Ruwa mai gishiri da sabulu kan ƙona bakin ganye, ƙunar da ake iya ɗauka cuta ce.

Ba a rasa darasi ba. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, ta cinye tumatir a Kano, Jigawa, Katsina da Kaduna, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Manoma sun yi ta feshi babu sassauci, tsutsar kuwa tana cikin naman ganye inda magani bai cika isa ba. Tana kuma cin yalo. Shekara guda kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa. Turawa suna da ɗakin gwaji a bakin iyaka. Yaron da ya sayi yalo a tire a bakin Ƙofar Marusa, ya goge shi a riga ya gartsa ɗanye, ba shi da kowa. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, amma da Turanci aka rubuta, kuma mai tsinka duk mako ba shi da sararin jira.

Ilimin nan ba ɓoyayye ba ne. Cibiyar NIHORT da ke Ibadan aikinta ke nan, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, NAERLS kuma tana Zariya. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta sanar da ɗaukar ɗaruruwan malaman gona, abin a yaba. Amma tunanin hukuma ya fi karkata ga gero, dawa da masara a karkara, yayin da mai 'yan kwamai a cikin birni ba ya cikin lissafin kowa. Hukumar KTARDA a garin Katsina take, ba ta buƙatar doguwar tafiya kafin ta kai ga waɗannan lambuna. Malamin gona ɗaya, riƙe da wuƙa, kofin gilashi da madubin ƙara girma, da zai riƙa zagayawa ranar da aka sani a kowane mako daga Fabrairu zuwa Mayu, ya isa ya raba wa mai lambu tsutsa da ƙishi kafin ya nufi shago.