Kafin Ka Biya Kafinta, Tambayi Sunan Katakon

Masu iya magana kan ce araha ba ta ado. Ni kuwa a ganina, a harkar kayan ɗaki tsada ma ba ta ado matuƙar mai saye bai san irin katakon da aka yi masa aiki da shi ba. Iyaye kan shekara suna tanadi domin gado da kujeru da durowar amarya, amma in an je wurin kafinta ba a tambayar komai sai fenti da yadi da kwalliya. Kafin a yi sunan ɗan fari, ƙofar durowa ta karkace, gado kuma yana zubar da gari saboda ƙwaro ya shige shi.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, katako suna ya tara. Loko, wato wanda kafintoci ke kira iroko, yana da ƙarfi, gara ba ta cika damunsa ba, don haka ya dace da ƙofa da gado da teburin cin abinci. Maɗaci ja ne, yana karɓar sassaƙa da goge. Kawo yana da nauyi, ba ya saurin lanƙwashewa. Obece kuwa fari ne sakwat, mai sauƙin aiki, amma abincin ƙwaro ne. Wurinsa cikin durowa ko bayan kabad, ba ƙafar gado ba. Malaina, wadda asalinta daga Asiya ne, tana yin aiki mai kyau in ta bushe sosai. Shi kuma allon nan na garin katako da ake kira MDF yana da kyan ɗan maciji: ruwa na taɓa shi sai ya kumbura, kusa kuma ba ta sake kama shi.

Wani abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne bushewa. Mu da ke karatu a kudu mun san yadda iska ke ɗauke da laima. Katakon da aka yanka a dazukan Ondo ko Edo, aka haɗa kujera da shi yana ɗanye, da zarar ya isa Kano ko Sakkwato ya gamu da hunturu sai ya tsuke, ya tsage, mahaɗansa su saki. Saboda haka tambayi kafinta tsawon lokacin da katakon ya yi a jingine a inuwa. Ka kuma nemi ganin kayan kafin a shafa fenti, domin fenti ne ke ɓoye farin gefen itace, wanda shi ƙwaro ya fi so.

Akwai kuma haƙƙin daji. Buƙatar madobiya a ƙasar Sin ta sa an yi wa itacen kisan kiyashi a jihohi irin su Taraba, har yarjejeniyar duniya ta CITES ta sanya shi cikin jerin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu a 2016. A 2022 aka ƙara maɗaci da kawo. Wani zai ce to ai gara kowa ya koma wa allon roba. Ni ban yarda ba. Gado guda na loko da uwa za ta bar wa 'yarta ya fi sauƙi ga daji a kan gadaje biyar da za a yi ta jefarwa.

Shawarata ita ce a rubuta sunan katakon a cikin rasit, a rage yawan kaya a ƙara ingancinsu, kuma a biya kafinta mai gaskiya haƙƙinsa ba tare da ƙwaruwa ba. Wanda ya matse farashi fiye da kima, shi ya ba da ƙofar a yi masa algus.

Allah ya sa mu dace, amin.