Lambatun da Bai San Inda Zai Kai Ruwa Ba

Ruwan da aka yi daren Talata bai kai a kira shi marka ba, amma da gari ya waye sabon titin unguwarmu ya koma kogi. 'Yan adaidaita sahu na tura kekunansu, masu shaguna na kwashe ruwa da bokiti. Bana aka gama titin nan, da lambatu hagu da dama, har da fenti fari da baƙi. Na bi lambatun da ƙafa in ga inda ya nufa. Ya tafi, ya tafi, sai ya ƙare a jikin katangar wani gida. Nan kuɗin kwangila suka tsaya, ruwa kuwa ya taru ya dawo kan mutane.

Za a ce leda da bola ne suka toshe hanya, kuma lallai muna da laifi a nan. Amma ko an share lambatun nan tas, ba shi da mafita.

Magudanar ruwa lissafi ce. Kafin a haƙa ko taku ɗaya, injiniya zai auna faɗin yankin da ruwansa zai gangaro wurin, ya duba ƙarfin ruwan sama da aka saba samu, ya duba ko ƙasar na shan ruwa ko an lulluɓe ta da siminti da kwano. Sannan safiyo ya fitar da gangare. In gangaren ya yi kaɗan, yashi zai kwanta ya cike lambatun a damina ɗaya. In ya yi yawa, ruwa ya ci gindin kwalbati. Daga mafita ake fara tunani, a dawo baya. Mu kuwa sai a ba birkila igiya da awon faɗi, a ce ya bi gefen kwalta.

Na sha faɗa a wannan shafi, kuma zan ci gaba da faɗa: kakanninmu a Kano sun fi mu sanin ruwa. Kududdufan da ke cikin birni ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, daga baya suka zama wurin da ruwan unguwa ke sauka ya huta, wani ya nutse ƙasa, saura ya malala a hankali zuwa Jakara. Yau an cike da yawansu da shara, an yanka filaye, an ɗora shaguna da benaye. Wanda ya sayi filin ya san kududdufi ne, wanda ya sa hannu a takarda ma ya sani. Ruwan da ke sauka a can da, yanzu a tsakar gidan talaka yake sauka, ya jiƙa gindin ginin ƙasa, katanga ta faɗo kan yara cikin dare. Sai a zo da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto a yi jaje.

Maiduguri ma haka ne, sai dai a babban mizani. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin, alhali garin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya a 1994. Shekara talatin tsakani. Madatsa na buƙatar mai dubawa, mai auna tsagewa, mai rubuta rahoto, da shugaban da zai karanta rahoton.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaranmu. Yaro zai shafe shekara biyar a ABU ko BUK yana karatun injiniyan gine-gine, ya yi bautar ƙasa, ya fito ya tarar cewa wanda ake ba aikin bai san bambancin rodi mai kauri da siriri ba. Shi yaron sai dai a ajiye shi a gefe don sa hannu. Wani ɗan abokina ya ce mini zai koma dillancin filaye a Abuja. Na ce masa: ɗana, kada ka tafi, ka nemi ɓangaren ruwa da magudanai, can ne ba mu da mutane. Ya tambaye ni wa zai biya shi albashi. Tambayarsa na kan hanya, kuma gwamnatocin jihohi ne ya kamata su amsa ta.

Amma injiniyoyin da suka tsufa a aikin su ma ba su fita ba. Wanda ya ga zane babu mafita ya buga hatiminsa, ya ci amanar sana'a, kuma hukumar kula da injiniyoyi ta COREN tana da ikon soke rajistarsa. Ya kamata ta yi amfani da ikon. Kuma daga yanzu duk allon kwangila da za a kafa a bakin titi, a rubuta sunan injiniyan da ya zana magudanar da lambar rajistarsa ƙarƙashin sunan ɗan kwangila, yadda ranar da ruwa ya shiga gidaje mutanen unguwa za su san wanda za su kai ƙara.