Kaka ta shigo, amma jerin kallonku na Amurka ne

1/ Oktoba ta kama, kuma kamar kowace shekara shafukanmu sun cika da jerin "abin kallo na lokacin faɗuwar ganye": rigar sanyi, kyandir, kofi mai ɗanɗanon kabewa, da Gilmore Girls. Mai rubutun kuwa yana Kalgo yana fifita da kwali. Ku matso, yau sai mun yi magana. 🧵

2/ Mu fara da yanayi. A Amurka da Ingila, Oktoba sanyi ke sauka, ganye na ja yana zuba, dare na tsawo. A Kebbi, Oktoba ruwa ke ɗaukewa ya bar mu da zafin kaka, rana ta haura digiri 35. Wa zai lulluɓa da bargo cikin wanga hali, don Allah?

3/ Shi kanshi yanayin nan da kuke kwaikwayo talla ce ta gina rabinsa. Kofin kabewar Starbucks a 2003 aka fara sayar da shi. Gilmore Girls a 2000 ya fara. Kamfanoni sun gano mutanensu na shigewa ɗaka in sanyi ya zo, sai suka haɗa musu kaya. Kasuwarsu ce, lokacinsu ne.

4/ Mu kabewa a miyar taushe muka san ta. Kuma muna da namu lokuttan da sunayensu: bazara, damina, kaka, hunturu. Kaka ita ce lokacin da gero ya shiga rumbu, ana yankan shinkafa a fadama, dawa na jiran Nuwamba, kuɗi ya ɗan shiga hannun manomi.

5/ Tun kafin a ƙirƙiro waya, kaka ce lokacin nishaɗin Bahaushe. An huta da noma, sai dambe da kokawa da bukukuwan aure, da dare kuma tatsuniya a tsakar gida. Wato muna da lokacin kallo da saurare tun asali. Abin da muka rasa shi ne masu haɗa muna jerinsa.

6/ Wani zai ce: "Malam, datata ce, in kalli abin da nike so." Gaskiya ne. Ba wanda ya hana ka Netflix, ni ma ban ce a daina fim ɗin Koriya ba. Iyayenmu sun kalli Indiya a silima, mu muna kallon fassarar Algaita. Aro ba sabon abu ba ne a wurinmu.

7/ Inda gizo ke saƙar shi ne mai mabiya dubbai ya jera abu goma, ba ko ɗaya da ya fito daga arewacin Kwara, sannan ya rufe da "ai mu ba mu da komi." Shawara na da nauyi. Abin da aka yaba shi ake buɗewa, abin da ake buɗewa shi ke samun talla, mai talla shi ke ci gaba da aiki.

8/ Sai maganar kuɗi. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin Keke daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo, ka ce ya zauna ya kwashe zango bakwai na shirin waje? Da wace data, da wace wuta?

9/ To ga nawa jerin, na kaka zuwa hunturu. Na kallo tukuna.
Kwana Casa'in na Arewa24: siyasar jihar Alfawa, jihar da babu ita a taswira amma kowa ya gane ta. Gwamna Bawa Maikada, 'yan jarida, 'yan koren siyasa. In kana son gane yadda ake cinikin ƙuri'a, fara nan.

10/ Labarina na Aminu Saira, tun 2020. Ko maƙiyinsa ya san ya ɗaga darajar hoto da sauti a shirye-shiryen Hausa masu dogon zango. Ana canza labari da jarumai, wani zangon ya fi wani, amma shi ne shirin da za ka tarar da uwa da ɗiya suna gardama a kai bayan isha'i.

11/ Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, don ranar da jarrabawa ta yi maka duka. Attajiri, tarin 'ya'ya, kowa ya zuba ido kan dukiya. Dariya ce, amma duk wanda ya taɓa ganin rabon gado a babban gida ya san ba duka ne wasa ba.

12/ Fim guda: Mai Martaba, wanda Najeriya ta miƙa a 2024 don neman shiga gasar Oscar. Fim ɗin Hausa, kan rikicin gadon sarauta. Mutane nawa cikin masu jerin "faɗuwar ganye" suka ko ambaci sunansa? Mati a Zazzau ma ya hau Netflix ɗin da kuke taƙama da shi.

13/ Kada a ce ina rufa wa Kannywood asiri. Suna jan labari kamar ƙosai da roba, abin da zai ƙare a fita biyar sai ya kai ashirin saboda kuɗin YouTube. Fassarar Turancin da ke ƙasan allo wani lokaci abin kunya ce. Amma mai kallo ne ke da bakin gyara. Wanda bai kallo ba shi da ta cewa.

14/ Yanzu na saurare, kuma nan ne na fi zafi. Sa'a guda ta murya ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na datar da sa'a guda ta bidiyo ke ci. Ka sauke da dare, ka saurara kana wanki ko kana cikin mota zuwa Jega. Podkas kamar don mu aka yi shi.

15/ Aminiya na da Najeriya a Yau, gajeren shiri kan batun da ake ciki, da Daga Laraba mai zurfafawa mako-mako. BBC Hausa na da Lafiya Zinariya kan lafiya, musamman ta mata da yara, sai Mahangar Zamani da ke taɓo abin da matasa ke jin nauyin faɗa a gida.

16/ In hirar taurari kake so, akwai Daga Bakin Mai Ita na BBC, akwai shirin Hadiza Gabon a YouTube. Ga kuma labaran gasar Hikayata, wadda tun 2016 mata ke rubuta gajerun labarai ana karanta zaɓaɓɓu a rediyo. Wanga shi ne abin daren hunturu, da kofin shayi da gyaɗa.

17/ Ga labarin da ya kamata ya tayar muna da hankali: a Maris 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru bayan umarnin gwamnatin Trump. Gidan da kakanninmu suka saba kamawa da asuba. Sa hannu ɗaya a Washington, murya ta ɗauke a Gwandu.

18/ Darasin a fili yake. BBC na Hausa tun 1957, DW da RFI na nan, mun gode musu. Amma kasafin kuɗinsu a London da Bon da Paris ake yanke shi. Ranar da suka ga Hausa ba ta cikin lissafi, ba za su tambaye mu ba. Mi muka tanada namu?

19/ Yanzu bari in juyo gida, don 'yan Kano kada ku yi saurin tafa mini. Ku duba jerin da na kawo: kusan duka daga Kano, Kaduna ko Abuja. In mun tsere wa kwaikwayon Amurka muka faɗa kwaikwayon Kano kaɗai, mu mutanen yamma har yanzu 'yan kallo ne.

20/ A fim, yaushe kuke jin Sakkwatanci ko Kabanci? Sai an zo wurin ban dariya: baƙauye ya shigo birni, ko maigadi, ko mai tallan magani. Likita bai cewa "wanga", lauya bai cewa "mi ka faruwa". Har yaranmu sun fara jin kunyar bakin uwayensu in sun kunna kyamara.

21/ Alhali da wanga harshe aka yi manyan waƙoƙin da ake nazari a jami'o'i. Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Ɗan Anace mai waƙar Shago, Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani. Ku saka su cikin jerin kaka. Waƙar dambe a lokacin dambe, ina abin da ya fi wannan dacewa?

22/ Labarin da za a yi shiri a kai kuwa, har ya yi muna yawa. Abdullahi ɗan Fodiyo yana kwance a Gwandu, mutumin da ya rubuta Tazyinul Waraƙat da tafsirin Liya'ut Tawili. Yaƙin Alwasa na 1805 nan kusa aka yi shi. Ina podkas mai fita goma da ya bi wanga tarihi daki-daki?

23/ Ga Kanta da ganuwar Surame. Ga bikin kamun kifi na Argungu da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Ga albasar Aliero, ga shinkafar da aka zo Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma dominta a 2015. Wa ya zauna da manoman ya ji yadda ta kaya?

24/ Kuma isar da ilimi ta kunne gadonmu ne. Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru: jajis su hardace waƙoƙin karantarwa, su kai wa mata a ƙauyuka. Ba lantarki, ba intanet, saƙo ya isa. Mu da ke da waya mai naɗar murya a aljihu, mi za mu ce?

25/ Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013 take, mazauninta na dindindin a Kalgo. Ga ta Aliero, ga kwalejojin Argungu da Birnin Kebbi. Dubban matasa masu baki, masu iya gardamar ƙwallo sa'a uku. Waya ɗaya, ɗaki marar hayaniya da mutum biyu sun isa fara shiri.

26/ Na san amsar: "Wa zai saurara?" Mu ɗin nan da ke tura saƙon murya na minti tara a WhatsApp? Kunne akwai. Abin da ke kashe masu farawa shi ne su yi fita uku, abokansu ma ba su tura wa kowa ba, amma suna tura jerin wata baturiya mai kyandir.

27/ Saboda haka ga roƙona kafin hazo ya sauko. In za ka yi jerin kallo, sa na waje, ba laifi, amma rabi ya zama namu. In kana da tsoho ko tsohuwa a gida, nemi izininsu ka naɗi tatsuniya ɗaya ko labarin dambe ɗaya, da bakinsu yadda yake, kada ka gyara musu zuwa Kananci.

28/ In kuma ka san wani ɗan Kebbi, Sakkwato ko Zamfara da ke yin podkas ko shirin YouTube da harshen gida, ajiye sunan shirin a ƙasa. Zan tattara su wuri ɗaya in sake sakawa farkon Disamba, lokacin da bargon zai yi amfani da gaske. Masu kofin kabewa kuma, taushe na jiran ku. 😄